Matacin haske: yadda ake sauya launin ƴar tocila

Akwai wata ƴar tocila da ake rataye wa zoben makulli. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ana sayar da ita a kasuwar Agadas, ƴan tireda kuma suna kawo ta har nan Tabelot. Masu moto suna haɗa ta da makullinsu. Masu lambu suna jefa ta aljihu in za su tada injin ban ruwa da asuba. Haskenta fari ne.

A wannan darasi za mu mai da farin hasken nan ja, ko tsanwa, ko shuɗi, da kayan da ake zubarwa. Abin da za mu haɗa sunansa matacin haske. Da faransanci ana ce masa filtre. Haɗa shi ba wuya, ɗan aji uku ma zai iya. Inda aikin yake shi ne amsa wannan tambaya: in mun rufe bakin tocila da jar leda, haske ya fito ja, daga ina jan ya zo?

Yawancin yara sukan ce ledar ce ta rina hasken, kamar yadda baba ke rina zane a marina. Manya ma da yawa haka suke zato. Kowa ya rubuta amsarsa a allonsa, ya kife. Sai mun gama gwaji za mu duba.

Farin haske taron launuka ne

Mu fara da rana. Ku samo kwano mai faɗi, ku cika shi da ruwa, ku ajiye inda hantsi ke bugawa, kusa da ƙofar aji. Ku jingina ɗan madubi cikin kwanon, rabinsa a ruwa, fuskarsa tana kallon rana. Ku bari ruwa ya natsu. Sa'an nan ku riƙa karkata madubin sannu sannu, har haskensa ya faɗa a bango cikin inuwa, ko a kan farar takarda. Za ku ga launuka a jere: ja a gefe ɗaya, sai ruwan goro, sai rawaya, sai tsanwa, sai shuɗi, sai shunayya a ɗaya gefen.

Ruwan kwanon ba shi da launi. Madubi ma haka. Ashe launukan nan cikin hasken rana suke tun farko, ruwa ya rarraba su ne kawai. Haka bakan gizo yake samuwa. Da damina, in an yi ruwa da la'asar rana ta fito, ku ba ta baya ku dubi gabas. Ɗigon ruwan da ke cikin iska yana yi wa hasken rana abin da kwanonmu ya yi.

Wani masani na ƙasar Ingila, Isak Niyuton, shi ya tabbatar da wannan a shekara ta 1666. Ya rufe ɗakinsa ya yi duhu, ya bar ƴar ƙofa ɗaya a taga, ya tare hasken da ya shigo da wani gilashi mai kusurwa uku, wanda ake kira prisme da faransanci. Launuka suka fito a bango. Mutanen zamaninsa sun san da haka, amma cewa suke gilashin ne ke rina hasken, daidai da abin da kuka ce game da leda. Sai Niyuton ya yi dabara. Ya huda allo, ya bar launi ɗaya tak ya wuce ta hudar, ya tare shi da gilashi na biyu. Ja ya shiga, ja ya fito. Shuɗi ya shiga, shuɗi ya fito. Da gilashi rini yake yi, da na biyun ma ya sake launin. Daga baya ya tattara launukan duka wuri guda, suka koma fari. Ya bayyana wa masana wannan aiki a shekara ta 1672.

Mataci ba ya ƙara kome

Ku tuna da rariya. In ana tankaɗen garin alkama, rariya ba ta ƙara kome a cikin gari. Tana barin mai laushi ya wuce, ta tare tsaki da dusa. Abin da ya sauka a faifai bai taɓa kai abin da aka zuba ba. Matacin shayi ma haka: ruwa ya wuce, ganye ya tsaya.

Jar leda rariyar haske ce. Farin haske ya iso gare ta da launukansa duka. Ta bar ja ya wuce, ta shanye tsanwa da shuɗi da sauran. Hasken da ta shanye ba ɓacewa yake ba, yana komawa ɗan zafi a jikin ledar. Shi ya sa baƙin zane ya fi farin zane zafi cikin rana: baƙi yana shanye launuka duka, fari yana mai da su duka.

To, jan da muka gani ba daga leda ya zo ba. Daga cikin tocila ya zo. Ledar ta kawar da abokan tafiyarsa ne, ya rage shi kaɗai.

Haɗa mataci

Ku tara ledojin alewa da na biskit masu launi, da tsofaffin robobin lemo masu tsanwa ko shuɗi, da ɗan kwali, da almakashi, da farin salatif wanda ake ganin abu ta cikinsa, da tsohuwar robar cikin tayar keke. Ku wanke ledojin, ku shanya, don zaƙin alewa yana kiran tururuwa.

Ba kowace leda ke yi ba. Ku ɗaga ta sama wajen da babu rana, ku duba. In kuna ganin dabino da duwatsu sarai ta cikinta, sai dai launinsu ya sake, wannan ita ce ta kirki. In haske yana wucewa amma ba ku ganin siffar kome, za ta yi, sai dai haskenta zai watsu, ba zai yi nisa ba. Wadda aka shafa wa ruwan azurfa a ciki kuwa, ku ajiye ta gefe, ba ta barin kome ya wuce. Baƙar ledar kasuwa ma haka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta hula. Ku yanka leda murabba'i, santimita 5 kowane gefe. Ku ɗora a bakin tocila, ku lanƙwasa gefunan baya, ku ɗaure da siririyar roba. Shi ke nan. Ku kunna a kan farar takarda. In launin ya yi fari-fari, ku ninka ledar biyu ko uku. Ku lura da abin da ke faruwa: kowane ninki yana ƙara wa launi kyau, yana rage wa haske ƙarfi. Ba yadda za a sami biyun gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ta fi daɗewa, ni kuma ita na fi so, don ba a kwance roba kowane lokaci. Ku yanka kwali mai tsawon santimita 12 da faɗin santimita 3. Ku huda ƙofofi huɗu a jere, kowace daidai bakin tocila. Ku liƙa jar leda a ta farko, tsanwa a ta biyu, shuɗiya a ta uku, rawaya a ta huɗu. Ku huda ƴar ƙofa a ƙarshen kwalin, ku zura zare, ku ɗaura a zoben makulli. In kuna son launi, sai ku kai ƙofarsa bakin tocila, ku danne da yatsa.

Wanda bai sami leda ba kada ya zauna. Ya liƙa salatif a kan ƙofar kwali, ya shafe shi da alƙalamin tawada mai kauri, ya bari ya bushe, ya ƙara wani salatif a kai ya sake shafawa. Sau uku yakan isa. Akwai kuma mataci da ba a saye, wanda ke zube a kowane lambu lokacin da ake cika buhunan albasa: busasshen ɓawonta na waje. Ku zaɓi siriri marar tsaga, ku sa shi tsakanin salatif biyu don kada ya karye. Haskensa ja-ja ne mai laushi, da ƴan jijiyoyi a ciki. Ruwan zoɓo a kofin shayi shi ma mataci ne. Ku haska ta gefen kofin, sa'an nan ku riƙa ƙara ruwa kuna kallon yadda jan ke sakewa.

Wannan ƴar tocila ba ta zafi, don haka leda ba ta narkewa a bakinta. Amma kada wanda ya kai leda kusa da fitilar kananzir ko kyandir.

Gwaji cikin duhu

A rufe tagogin aji da barguna ko tabarmi. In duhun bai isa ba, a yi gwajin a gida bayan magariba. Ku kasu uku uku, kowane rukuni da tocila biyu ko uku.

Ku fara da haɗa matatai biyu a bakin tocila ɗaya, ja a kan tsanwa. Kafin ku kunna, kowa ya faɗi launin da yake tsammani. To, ku kunna. Kusan babu kome! Jar leda ta bar ja kaɗai ya wuce, ja ya iso ga tsanwar leda, ita kuwa ja take shanyewa. Da leda rini take yi, da mun ga sabon launi mai haske. In kun ga ɗan haske mai ruwan ƙasa yana fitowa, ledojinku ne ke yoyo, kamar rariya mai manyan idanu. Ku ƙara ninki, zai mutu.

Ku gwada rawaya a kan shuɗi. Sau da yawa tsanwa ke fitowa. Rawayar leda tana barin ja da tsanwa su wuce, shuɗiyar ledar alewa kuma takan bar shuɗi da ɗan tsanwa. Tsanwa kaɗai ke da izinin wucewa ta ƙofofin biyu.

Yanzu ku ajiye jan tumatir da ɗanyen ganyen albasa a kan baƙin zane. Ku haska su da ja. Tumatir ya yi jawur, ganye ya yi baƙi. Ku sake da tsanwa. Ganye ya fito shar, tumatir ya dushe ya yi duhu. Me ya faru?

Ido ba ya fitar da haske. Haske ne ke tashi daga tocila, ya bugi abu, ya dawo ya shiga ido. Wani masani Balarabe, Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, shi ya tabbatar da haka da gwaji, wajen shekara 1000 da suka wuce, cikin littafinsa Kitab al-Manazir. Tumatir yana shanye launuka ya mai da ja. In an ba shi tsanwa kaɗai, ba shi da abin mayarwa, sai ya yi baƙi. Ganye kuwa ja da shuɗi yake sha, da su yake haɗa abincinsa, ya mai da tsanwa. Har rawanin baba da ake kawowa daga Kura ta ƙasar Kano haka yake: baban da ke jikinsa yana shanye ja da rawaya, ya bar mana shuɗi mai duhu. Ashe rini ma ragewa yake yi.

Ku zana tutar ƙasarmu a farar takarda: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da ƙwallon rana, tsanwa a ƙasa. Ku haska ta da ja. Saman da tsakiyar za su kusa zama ɗaya, ranar ta kusa ɓacewa, ƙasan ya yi baƙi. Da wannan ake wasan ɓoye saƙo. Ku rubuta kalma da shuɗin fensir marar kauri, ku bi ta kai da zane-zanen jan fensir har ta ɓace. Ku ba abokinku ya haska da jan mataci. Jan zane zai narke cikin jan haske, kalmar ta fito baƙa.

Gwajin da ke biye shi ne ya fi ba da mamaki. Tocila biyu, ɗaya da jan mataci, ɗaya da tsanwa. Ku haska wuri ɗaya a farar takarda. Inda suka haɗu rawaya ne! Ɗazu ja da tsanwa sun ba mu duhu, yanzu sun ba mu rawaya. Bambancin shi ne, ɗazu haske ɗaya muka tace sau biyu, yanzu haske biyu muka tara. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, ku ja da shi baya kaɗan har su daidaita. Ku ƙara tocila ta uku da shuɗi, tsakiyar za ta koma kusan fari. Ku sa hannu tsakanin tociloli da takarda, ku ƙirga inuwoyi, ku faɗi launin kowace.

A shekara ta 1861, a birnin Landan, wani masani mai suna Makswel ya nuna hoton farko mai launi da wannan hanya. An ɗauki hoton wani ƙyalle sau uku, ta matacin ja, da na tsanwa, da na shuɗi, sa'an nan aka haska ukun a wuri ɗaya. Fuskar salula da ta talabijin har yau da launukan nan uku suke aiki. In babba ya yarda, ku ɗiga ruwa ɗan ƙanƙane a kan farin wuri a fuskar salula, ku duba da kyau. Za ku ga ƴan ɗigo ja da tsanwa da shuɗi a jere.

Tsohuwar tocila da sabuwa

In akwai wanda kakansa ke da tsohuwar tocila mai manyan batura da ƙwai na gilashi, ya aro ta. A cikin ƙwan akwai siririyar waya da ke yin zafi har ta yi haske. Haskenta ya karkata wajen rawaya. Ku sa mata jan mataci: ja mai ƙarfi. Ku sa mata shuɗi: abin tausayi.

Ƴar tocilar makulli akasin haka take. Shuɗinta yana da ƙarfi, janta kuwa bai kai na tsohuwar cika ba. Dalili yana cikin ƙwanta, wanda ake kira LED. Ba waya a ciki. Wani ɗan ƙwaya ne da ke fitar da shuɗin haske, an lulluɓe shi da wani rawayan gari. Ku duba bakin tocila a kashe, sau da yawa za ku ga ɗigon rawayan. Garin yana shan wani kashi na shuɗin, ya mai da shi rawaya, sauran shuɗin ya wuce. Shuɗi da rawaya suka taru a ido, muka ga fari. An sami LED mai ja tun 1962, amma shuɗi mai ƙarfi ya gagara sai a 1993. Masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shi. Ba don aikinsu ba, da babu farar tocilar da ke aljihunku.

Mataci ɗaya, tocila biyu, sakamako biyu. Abin da babu a tukunya, ludayi ba ya ɗebo shi.

Jan haske da idon dare

Ina amfanin duk wannan, ban da wasa? Ku dubi bayan manyan motocin da ke ɗaukar albasa zuwa Agadas. Jan murfin fitilar baya mataci ne, na fitilar kwana mai ruwan goro ma haka. Jirgin sama yana da jar fitila a fiffiken hagu, tsanwa a na dama, don a san inda ya dosa cikin dare. Amma a gare mu babban amfanin yana cikin idonmu.

A can bayan ido akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri na farko, wajen miliyan 5, su ke ganin launi, amma sai da haske mai yawa. Iri na biyu, kusan miliyan 100, ba su san launi ba, amma su ke gani cikin duhu. Shi ya sa a farin wata kuke ganin raƙumi da itace sarai, amma ba ku iya faɗin launin zanen mai tafiya. Ƙwayoyin dare suna aiki da wani sinadari da haske mai ƙarfi ke ƙarar da shi nan take. Kafin ya sake taruwa sai an yi minti 20 zuwa 30 cikin duhu. Jiki yana haɗa wannan sinadari da bitamin A. Wanda ya rasa bitamin A yakan kamu da dundumi, da magariba ta yi sai ya riƙa lalube. Karas na lambunanmu, da hanta, da madara, da zogale, suna ba da shi.

Ga inda ja ya shigo. Ƙwayoyin dare kusan ba su jin jan haske. In kun haska abu da ja marar ƙarfi, ƙwayoyin launi za su gani, na dare kuwa su ci gaba da hutawa da sinadarinsu. Kun kashe tocila, idonku na nan yadda yake. Da fari kuka haska, sai ku sake jiran rabin awa. Saboda haka masu nazarin taurari a ko'ina cikin duniya da jar tocila suke karanta takardunsu. Ku lura, ja mai ƙarfi shi ma yana ɓata ido. Mai rauni ake so, kuma a nan raunin jan ƴar tocilarmu ya zama alheri.

Mu nan gindin Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas ta kai mita 2022, tafi kowane dutse tsawo a Nijar, muna da sararin sama irin wanda mutanen manyan birane ba su taɓa gani ba. Madugan ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da taurari suke gane hanya, kuma sun san mai kallon wuta ba ya ganin sama. Ƙwari da yawa ma ba su damu da jan haske ba kamar yadda suke rububin fari. Mai duba akuya da dare, ko mai neman abu a ɗaki ba ya son tada masu barci, ja ya fi masa.

Inda mataci ba shi da amfani

Wasu yara sun ji cewa kunama tana ƙyalli cikin wani irin haske. Gaskiya ne. Bayan shunayya akwai hasken da ido ba ya gani, ana ce masa ultraviolet. In ya bugi kunama sai jikinta ya yi ƙyalli tsanwa-tsanwa. Da irinsa ake duba takardun kuɗi na sefa. Sai ake cewa wai in an shafa shuɗiyar tawada da shunayya a salatif, an liƙa a tocila ko salula, an sami wannan haske. Ba haka ba ne, kuma yanzu ku da kanku kun san dalili. Farar LED kusan ba ta fitar da shi, mataci kuma ba ya ƙirƙiro abin da babu. Abin da za ku samu shuɗi ne mai duhu. Wanda ya dogara da shi ya shiga cikin duwatsu ba takalmi, ya rage wa kansa gani ne a wurin da ya fi bukatarsa. Kunamar ƙasarmu tana iya kashe ƙaramin yaro. In ta harbi wani, a kai shi likita nan da nan.

Don haka in za ku bi kori da dare, ko ku ɗauko itace, ko ku duba takalmi da shimfiɗa, ku cire mataci, ku haska da fari. Haka in ana duba rauni: cikin jan haske ba a bambanta jini da fata sosai.

Kada kuma wanda ya dubi rana ta cikin leda, ko da an ninka ta goma, ko da ranar husufi ce. Ledar tana rage ƙyallin da ke sa mutum runtse ido, ta bar abin da ke ƙona shi ya wuce. Wasu tocilolin makulli suna da maɓalli na biyu mai fitar da ɗan jan ɗigo da ke zuwa nesa. Wannan leza ce, ba a haska ta a idon mutum ko na dabba.

Sai batura. Farar LED tana bukatar wajen bolt 3, shi ya sa za ku tarar da ƴan batura uku masu bolt 1,5 a ciki, ko guda mai faɗi kamar kwabo mai bolt 3. Suna ƙyalli, suna kama da alewa, mu kuma yanzu mun naɗe tocilar da ledar alewa. In ƙaramin yaro ya haɗiyi ɗaya ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa 2. Ba a sa shi amai, ba a jira gari ya waye, likita ake kai shi. Ku naɗe murfin batura da salatif, kada ku ba ƙannenku tocilar su yi wasa. Mataccen batir kuma a kawo wa malam, kada a jefa shi a lambu ko kusa da rijiya.

Tambayoyi

1. Ku buɗe allonku. Amsar da kuka rubuta da farko tana nan daram, ko za ku gyara? Ku sake rubuta ta da kalmominku.
2. Me ya sa Niyuton ya bukaci gilashi na biyu?
3. An shanya farar riga da jar riga a igiya ɗaya. Da wane mataci za ku haska don ku bambanta su, ja ko tsanwa? Don me?
4. Ja da tsanwa sun ba mu duhu sau ɗaya, sun ba mu rawaya sau ɗaya. Ku bayyana.
5. Ku nemi sunayen launukan bakan gizo da tamajak da faransanci. Wane harshe ne ke kiran launi biyu da suna ɗaya?

Aikin gida

A watan Disamba ko Janairu, daren da babu wata, bayan isha'i, ku zauna a tsakar gida nesa da wuta, tare da wani babba. Ku nemi Kaza da Ƴaƴanta, waɗanda ake kira Shat Ahad da tamajak, da Amanar da ke biye da su. Ku jira minti 20 ba tare da kun kunna kome ba, sa'an nan ku ƙirga taurarin Kaza. Ku rufe idon hagu da tafin hannu, ku haska farar takarda da farin haske, ku dube ta da idon dama kuna ƙirga har 30. Ku kashe. Ku dubi sama da idon dama, sa'an nan da na hagu, ku ƙirga abin da kowane ya gani. Washegari ku sake, amma da jan mataci mai ninki uku. Ku rubuta lambobin a littafinku, ku kawo aji ranar Litinin.